Yadda ake bimbini a kan Bishara har ya shiga aikin yini

Tambaya: Kusan kowace safiya ina buɗe Littafi Mai Tsarki in karanta inda idona ya faɗa, galibi a cikin Bishara. Kafin azahar na manta abin da na karanta. Bayan mako biyu ko uku sai in daina, sai an yi taron farkawa ko an shiga sabuwar shekara in sake ɗauka. Yaya ake yin wannan ibada yadda za ta dore, ta kuma taɓa halina?

Amsa: Ɗan'uwa, mantuwar da kake yi kafin azahar ba abin mamaki ba ce. Karatun da kake yi ba shi da inda zai maƙale. Bai haɗu da na jiya ba, ba zai haɗu da na gobe ba, kuma bai ɗora maka wani aiki da za ka yi kafin rana ta faɗi ba. Abin da mutum ya karanta bai yi komai da shi ba kamar ruwa ne a kwando. Gyaran yana farawa tun daga inda kake buɗe littafin.

Ka daina buɗe littafi inda ido ya faɗa. Matiyu, Markus, Luka da Yahaya (wasu bugu suna rubuta Yohanna) kowannensu ya tsara littafinsa ne a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, abin da ya gabata yana haska abin da ke tafe. Surori da ayoyi da muke gani yanzu ba su ne suka sa ba. An raba surori a ƙarni na 13, aikin da ake dangantawa da Stephen Langton na Ingila, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ne ya buga su a 1551. Don sauƙin nemo wuri aka yi su. Wanda ya ciro aya ɗaya ya tafi da ita yana iya sa ta faɗi duk abin da ransa yake so, kuma Shaiɗan ma ya yi haka a Matiyu 4:6, inda ya jawo Zabura 91 don ya sa Yesu ya diro daga kan Haikali. Akwai wata illa kuma da ba a cika faɗa ba: buɗe littafi da ka don a ji abin da Allah zai ce yau ya fi kama da duba fiye da karatu.

Ka fara da Markus. Shi ne mafi gajarta, sura 16, ayoyi kusan 680, kuma labari ne mai sauri, aiki ya fi dogon jawabi yawa a ciki. In kana ɗaukar aya 10 zuwa 20 a rana, kwana shida a mako, za ka gama shi cikin mako bakwai zuwa takwas. Bishara huɗu gaba ɗaya sura 89 ne, ayoyi kusan 3,800. A wannan tafiya za ka gama su cikin mako 42 ko kusa da haka, wato shekara guda ta ishe ka har da rarar mako goma na rashin lafiya, tafiya, biki da rasuwa. Da gangan na bar wannan rarar. Tsarin da ba shi da wurin faɗuwa, ranar farko da ka faɗi ya karye.

Abin da za ka ɗauka a rana shi ne labari guda cikakke, ko koyarwa guda cikakkiya, ba adadin ayoyi tsayayye ba. Kanun da masu bugu suke sawa a tsakanin ayoyi suna taimakawa, amma ka riƙa dubawa da kanka, domin Markus yana da wata ɗabi'a ta cusa labari a cikin labari. A 5:21-43 Yayirus, shugaban majami'a, ya zo neman taimako don 'yarsa, a hanya mace mai zubar jini ta tsayar da tafiyar, sannan aka koma kan yarinyar. Matar ta yi shekara 12 tana fama, yarinyar kuma shekararta 12. In ka raba wannan gida biyu ka rasa abin da Markus yake nunawa, wato yadda shugaban majami'a ya tsaya yana jira a gama da matar da ba a ko ambaci sunanta ba. Haka 11:12-25, itacen ɓaure da korar 'yan kasuwa daga Haikali. Irin waɗannan ka karanta su a zama ɗaya ko da sun wuce aya ashirin.

Kayan aiki kaɗan ne: Littafi Mai Tsarki, littafin rubutu mai shafi 60 ko 80 irin na 'yan makaranta, da biro. Game da fassara, ka yi amfani da harshen da kake jin zafin magana a cikinsa. In da Hausa kake faɗa da sulhu da ciniki, to da Hausa ya kamata maganar Yesu ta same ka. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa ya yi fice a ciki, sannan aka fitar da sabuwar fassara a 1979, bayanta kuma wasu sun biyo. Tsohuwar tana da Hausa mai nauyi da dattawa suka haddace, sababbin sun fi sauƙin ganewa. Ka tsaya a kan guda ɗaya don karatun kullum, ka ajiye ta biyu don kwatantawa duk inda jimla ta yi maka duhu. Sau da yawa kwatanta fassara biyu ya isa ya warware abin da za ka je neman littafin sharhi a kansa. Waya tana da amfani, akwai Hausa a manhajoji irin su YouVersion, amma ina ba da shawarar littafin takarda da safe. Dalilin ba na tauhidi ba ne. Saƙon WhatsApp ɗaya ya isa ya cinye minti ashirin ɗinka. In dole sai waya, ka kashe data kafin ka buɗe.

Lokaci kuwa, Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi da asuba tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. Misali ne mai kyau, ba doka ba ce. Abin da ake nema shi ne lokacin da kanka yake a farke kuma ba wanda yake da haƙƙi a kanka a cikinsa. Ga yawancin mutane asuba ce, kafin yara su tashi. Ma'aikacin jinya ko mai gadi da ya kwana a bakin aiki, asuba ita ce mafi munin lokaci gare shi, gara bayan ya yi barci ya tashi. Manomi da damina yana iya mayar da shi lokacin hutun rana a gindin itace. Uwa mai goyo ta ɗauki lokacin da jariri ya yi barcin hantsi, kuma minti goma nata ba ya kasa minti talatin na gwauro. Ka ɗaura lokacin a jikin wani abu da kake yi dole kowace rana, kamar bayan wanke fuska ko kafin karin kumallo, domin agogo kaɗai ba ya riƙe mutum. Kada ka yi a kwance a kan gado, musamman da sanyin hunturu. Ka zauna a kujera ko tabarma, ka tanadi tocila tun da dare saboda wuta.

Minti ashirin sun isa. Biyu na farko ka yi shiru, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka abin da ke rubuce, da jimla ɗaya ko biyu. Kada ka fara jera bukatunka a nan, za su zo daga baya. Sai ka karanta nassin sau biyu, na farko da murya ko da ƙasa-ƙasa ce, na biyu a hankali da biro a hannu. Karatu da murya yana hana ido tsallake abin da ya saba gani, kuma waɗanda suka fara karɓar waɗannan littattafai ji suka yi ana karanta musu a taro. Wannan zai ci minti biyar. Daga nan ka rufe littafin ka ba kanka labarin da bakinka, kamar kana ba yaro. Ka buɗe ka duba abin da ka tsallake. Abin da ka tsallake, sau da yawa a nan maganar take.

Sannan minti bakwai na tambayoyi, kuma jerinsu yana da muhimmanci. Ta farko: me ya faru, wa ya yi magana, da wa, a ina, me ya zo kafin wannan? Ta biyu: me wannan ya nuna game da Yesu? Ta uku, kuma sai ta ƙarshe: me yake nema daga gare ni yau? Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsallakawa zuwa ta uku kai tsaye. Wanda ya yi haka, duk nassin da ya buɗe damuwarsa yake gani a ciki, ya tashi da abin da ya zauna da shi.

Bari mu gwada da Markus 4:35-41, labarin hadari a teku, don mutane da yawa sun san shi har sun daina ganinsa. A tambaya ta farko za ka lura Yesu ne ya ce a haye zuwa wancan ƙetare. Almajiran ba su shiga hadarin don rashin biyayya ba, biyayya ce ta kai su ciki. Da yamma ne, bayan ya yini yana koyarwa, shi ya sa barcinsa a kan matashi a bayan jirgi barcin gajiya ne na gaske. Tekun Galili tafki ne mai tsawon kilomita kusan 21 da faɗin kusan 13, yana ƙasa da matakin teku da mita kusan 210, duwatsu sun kewaye shi, iska mai sanyi takan gangaro daga tuddai ta haɗu da zafin kwarin ta tayar da ruwa ba zato. A 1986 an tono wani jirgin katako na wancan zamani a bakin tafkin, tsawonsa mita takwas da ɗan kai, faɗinsa bai kai mita biyu da rabi ba. Ka sa mutum goma sha uku a cikin irin wannan. Huɗu daga cikinsu masunta ne na wannan tafki (1:16-20), don haka tsoronsu ba na baƙon ruwa ba ne. Ka kuma lura da abin da suka ce da suka tashe shi. Ba su ce ya cece su ba, tuhumarsa suka yi da rashin damuwa da hallakarsu. Sai abin da kusan kowa yake tsallakewa: bayan iska ta kwanta ne Markus ya ce tsoro mai girma ya kama su. Sun fi jin tsoron wanda ke cikin jirgin fiye da ruwan da ke waje.

Wannan ya kai ka tambaya ta biyu ba tare da ka yi wahala ba, domin labarin da kansa da ita ya ƙare: wane ne wannan? Bayahuden da ya san Zabura 89:9 da 107:23-30 ya san Allah kaɗai ne yake kwantar da teku. To sai ta uku. Amsar da aka saba bayarwa ita ce Yesu zai kwantar da kowane hadari a rayuwata. Nassin bai yi wannan alkawari ba. Sura biyu gaba, an fille kan Yahaya Maibaftisma a kurkuku, kuma Yakubu ɗan Zabadi, ɗaya daga cikin almajirai sha biyun, da takobi aka kashe shi (Ayyukan Manzanni 12:2). Wanda ya gina bangaskiyarsa a kan alkawarin da ba a yi ba, ranar da hadarin ya ƙi kwantawa zai ce Allah ya yi masa ƙarya. Abin da nassin ya taɓa shi ne zargin da ke cikin zuciya, cewa bai damu ba. Don haka aikin ranar yana iya zama haka: akwai abin da na daina kai wa Allah a addu'a don na yanke cewa bai damu da shi ba, yau zan ambace shi da sunansa in sake kai shi.

A nan ne abin da ka tambaya yake. Minti uku na gaba na rubutu ne, layi huɗu kawai: kwanan wata da nassi, abin da na gani game da Yesu, abin da zan yi yau, da addu'a a jimla ɗaya. Layi na uku shi ne ƙashin bayan ibadar, kuma yana da gwaji mai sauƙi. Shin da dare za a iya tambayarka ka yi ko ba ka yi ba, ka amsa da i ko a'a? "Zan ƙara ƙaunar mutane" bai ci gwajin ba. "Zan kira ƙanena da muka yi wata biyu ba ma magana, kafin ƙarfe shida na yamma" ya ci. "Zan zama mai gaskiya" bai ci ba. "Yau ba zan dunƙule gindin mudu ba, kuma zan gaya wa mai saye in hatsin ya sha ruwa" ya ci. Dole a sami sunan mutum, ko adadin kuɗi, ko lokaci, ko wuri. Abu ɗaya kawai a rana. Wanda ya rubuta biyar ba zai yi ko ɗaya ba.

Wannan ba dabarar zamani ba ce, haka Bishara take magana. Zakka, shugaban masu karɓar haraji, a Luka 19:8 bai ce zai gyara halinsa ba, lissafi ya yi: rabin dukiyarsa ga matalauta, ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Shari'a a Littafin Ƙidaya 5:7 ta ce wanda ya furta laifinsa ya mayar da abin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ninki huɗu kuwa hukuncin ɓarawon tunkiya ne a Fitowa 22:1. Wato Zakka da bakinsa ya yanke wa kansa hukuncin ɓarawo. A Matiyu 5:23-24 kuma Yesu ya ce wanda ya kawo baikonsa ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya bar baikon a gaban bagade ya je ya shirya da shi tukuna. Bagaden yana Urushalima, masu sauraronsa kuwa a Galili suke, tafiyar kwana uku ko fiye a ƙafa. Ka ga nauyin abin. Magina biyu na Matiyu 7:24-27 dukansu sun ji maganar, aikatawa ce ta raba su. Luka 9:23 kuma, da ya kawo maganar ɗaukar gicciye da ke Markus 8:34, yana da ƙarin kalmomin da ke nufin kowace rana. Mu masu jin Hausa muna da gata a nan, domin kalmar da aka fassara mana ita ce almajiri, kuma mun san almajiri da ido: ya bar gida ya zauna gaban malaminsa, ba ya wanke allo sai ya biya abin da ke kai. Kai kuwa kowace safiya kana wanke allo ba ka biya ba.

Sai dai akwai tarko a wannan mataki, kuma masu himma ne suka fi faɗawa. Ba kowane umarni da Yesu ya ba wani mutum ne umarni gare ka kai tsaye ba. Ya ce wa mai arziki ya sayar da duk abin da yake da shi ya bi shi (Markus 10:21). Mutumin da aka fitar wa aljanu a ƙasar Garasinawa kuwa ya roƙa ya bi shi, Yesu ya hana, ya ce ya koma gida wurin danginsa ya ba da labari (5:19). Littafi ɗaya, umarni biyu masu karo da juna in ka ɗauke su a matsayin doka ga kowa. Hanyar rarrabewa ita ce ka duba wa aka gaya wa. In ga taron almajirai ne ko ga "duk wanda yake so ya bi ni", kuma wasiƙun manzanni sun maimaita shi, to naka ne kai tsaye: gafara, gaskiya a magana, ƙaunar maƙiyi, kula da matalauci. In ga mutum ɗaya ne a halinsa na musamman, sai ka nemi abin da Yesu ya taɓa a zuciyarsa, ka tambayi kanka ko yana taka. Haka kuma ka gane salon magana. Ƙwaƙule ido da yanke hannu a Matiyu 5:29-30 kambamawa ce irin wadda Bahaushe ma yake yi, ma'anarta ka raba kanka da hanyar zunubin ko da tana da tsada, ka goge lambar, ka sauya hanyar komawa gida. Ƙin uwa da uba a Luka 14:26, Matiyu 10:37 ya fassara shi da cewa kada a ƙaunace su fiye da shi, kuma a Markus 7:9-13 Yesu ya tsawata wa masu fakewa da baiko don su ƙi taimakon iyayensu. Duk lokacin da aikin da ka fitar daga nassi babba ne, kamar barin aiki, rabuwa da dangi, ko ba da jarinka, kada ka yi shi a ranar. Ka kai wa fasto ko dattijon da ya san ka. Ƙa'idar aiki ɗaya a rana ta ƙananan biyayya ce.

Gafara tana bukatar magana ta daban, domin za ka yi ta cin karo da ita, kuma a wurare da yawa na ƙasarmu ba maganar littafi ba ce, akwai waɗanda aka ƙone wa gida ko aka kashe wa ɗa. A misalin Matiyu 18:23-35 sarki yana bin bawansa talanti 10,000, ya yafe masa. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuma ladan yini ne na ɗan ƙwadago (20:2), wato bashin ladan yini miliyan 60. Bawan kuma yana bin abokinsa dinari 100, ladan wata huɗu ko kusa, ya ƙi yafe masa. Ka lura Yesu bai ce dinari ɗarin ba komai ba ne. Ladan wata huɗu kuɗi ne. Abin da aka yi maka na gaske ne, an dai ajiye shi ne kusa da abin da aka yafe maka. Aikin yini a irin wannan nassi kada ya zama "na yafe gaba ɗaya", domin da yamma zafin zai dawo ka ɗauka ka yi ƙarya. Ka rubuta abin da hannu zai iya kamawa: yau zan yi addu'a domin wane da sunansa (Matiyu 5:44), yau ba zan sake ba da labarin abin da ya yi mini a majalisa ba. Gafara kuma ba ta hana faɗin gaskiya ko kai ƙara inda ya dace. Yesu da aka mare shi ya tambayi dalili (Yahaya 18:23), kuma Matiyu 18:15-17 ya ba da matakai: kai da shi, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Matar da ake duka a gida kada a karanta mata wannan misali a ce ta koma ta yi shiru.

Minti uku na ƙarshe addu'a ce, kuma ka fara ta da kalmomin nassin da ka karanta kafin ka shiga bukatun gida da na aiki. Da dare kuma, kafin ka kwanta, ka buɗe littafin rubutun na minti biyu ko uku, ka sa alama a gefen layi na uku: na yi, ko ban yi ba. In ba ka yi ba, ka rubuta dalili a kalmomi kaɗan, ka furta, ka mayar da shi gobe. Wannan dubawar dare ita ce maganin mantuwar azahar, domin mutum ya san za a tambaye shi. Bayan wata guda ka karanta dalilan a jere. Za ka ga abu ɗaya ko biyu suna ta dawowa, tsoron mutane ne, ko son kuɗi, ko girman kai, kuma ka san kanka fiye da yadda wa'azi goma za su sanar da kai. Ka dai tuna alamar ba maki ba ce da ake tarawa a gaban Allah. Bafarisiyen Luka 18:11-12 ma yana da lissafi mai kyau, azumi biyu a mako da zakkar komai, amma mai karɓar harajin da ya yi addu'a a Haikali lokaci ɗaya da shi ne ya koma gida baratacce.

Dalilin da ya sa ake dainawa a mako na uku yawanci ɗaya ne. An tsallake kwana biyu, sai a ce dole a rama, a ɗora karatun kwana uku a rana ɗaya, ya yi nauyi, a ɗage, bashin ya ƙaru, kunya ta hana buɗe littafin. Kada ka rama. Ka ɗora daga inda ka tsaya kamar ba abin da ya faru, shi ya sa ba a rubuta kwanan wata a tsarin tun kafin a kai ranar. A ranar da ta cushe, ka yi ƙaramar siga: karatu sau ɗaya da layi na uku, minti biyar. Akwai kuma ranakun da za ka karanta ba ka ji komai ba. Ba alamar zunubi ba ce dole, wani lokaci rashin barci ne ko yunwa. Ka rubuta abin da ka gani ko da bai motsa ka ba, ka tashi. Wata cutar kuma ita ce karanta wa wani, kana karatu kana cewa da ma matata ta ji wannan, da ma shugaban kwamiti ya ji. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi suna da irin tasu, kowane nassi sai ya zama kan magana uku na ranar Lahadi. Maganinta a raba littafin rubutu biyu, na shiri daban, na kai daban.

Littattafan ibadar kullum da ikilisiyoyi suke bugawa suna da amfani, musamman don sujadar iyali, amma ka karanta su bayan ka yi naka, don in ka fara da sharhin wani ba za ka ƙara ganin komai a nassin ba sai abin da ya gani. Ka kuma nemi mutum ɗaya, namiji ga namiji, mace ga mace, ko miji da mata in za su iya yi ba tare da ya zama kotu ba. Ku haɗu minti goma sha biyar a mako, ko bayan sujada ranar Lahadi, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani da abu ɗaya da ya yi ko ya kasa. Biyu-biyu Yesu ya aiki sha biyun (Markus 6:7). Ƙungiyar zumuntar mata ko ta matasa tana iya rarraba kanta haka ba tare da an kafa sabon kwamiti ba. Wanda bai iya karatu ba, ko idonsa ya raunana, tsarin bai sauya ba: a saurari nassin sau biyu a waya ko daga bakin jika, a maimaita labarin da baki, a faɗa wa wani aikin ranar don ya zama shi ne littafin rubutun. Rana ta bakwai ba sabon karatu, sai bitar shafukan mako da haddace aya ɗaya daga cikinsu.

In ka kai ƙarshen Markus za ka ga wasu bugu sun sa 16:9-20 a cikin baka ko sun yi ɗan bayani a ƙasa, domin biyu daga cikin kwafe mafi daɗewa na Helenanci sun tsaya a aya ta 8. Kada ya girgiza ka, labarin bayyanuwar Yesu bayan tashinsa yana nan a Matiyu 28, Luka 24 da Yahaya 20 da 21. Daga Markus ka wuce Luka, wanda zai ɗauke ka wajen mako goma sha uku, sannan Yahaya, ka bar Matiyu a ƙarshe. A Matiyu 5 zuwa 7 ka rage tafiya zuwa aya biyar ko shida a rana, don kusan kowace jimla a can tana da nata layi na uku. Gobe da safe, Markus 1:1-13.